TEBURIN ZANE NA ARBA'IN

Shafi na 19

Masu biyo ni ta bayan fage kuna cewa na cika ɗaure wa Yaya Injiniya gindi, ku gyara zama. Yau na zare hannuna.

*

Ƙarfe huɗu na yammacin ranar za a rufe rajistar kwasa-kwasai, amma Auta ko a jikinta. Tun kwana uku da suka wuce ta shiga shafin jami'a ta zaɓi nata guda tara, ta duba ta sake dubawa. Abin da ya rage kawai ta bugo fom, ta kai wa malamar da ke kula da 'yan aji ɗaya ta sa hannu, shi ke nan ta zama cikakkiyar ɗalibar sashen injiniyan lantarki.

Don ɗoki har farin kwali ta saya. Ta ja layi da rula, Litinin zuwa Juma'a, kowane kwas da kalarsa: lissafi shuɗi, fiziks kore, zanen injiniya ja. Ta shimfiɗa shi a kan teburin cin abinci tana ta kallo kamar sabon ɗinki.

Sai ga Yaya Injiniya ya fito, jakar kwamfuta a kafaɗa, ƙamshin turare ya riga shi isowa.

Shekara biyar ke nan da sunansa na yanka ya ɓata a gidan. Tun ranar da ya samu gurbi a wannan sashen da Auta za ta shiga yanzu, Abba ya laƙaba masa Injiniya, sunan kuma ya bi shi. Shi Abba shekara talatin ya yi yana hawa turakun wuta, yana ce wa yaran da a haife ya haife su "ranka ya daɗe" don kawai suna da takardar digiri shi ba shi da ita. Da Allah ya ba shi nasa injiniyan a cikin gida, sai ya ɗauke shi ya ɗora a ka. Ranar da soket ɗin falo ya ƙone Umma ta ce Injiniya ya duba, buɗar bakinsa sai cewa ya yi wannan aikin leburori ne, su lissafi suke yi. A gaban Abba ya faɗa. Abba ya yi dariya, ya ɗauko sukundireba ya gyara da kansa.

Ya tsaya a kan kwalin yana yi masa kallon hadarin kaji.

"Mene ne wannan kuma? Makarantar rainon yara kika samu?"

"Jadawalina ne, Yaya."

"Jadawali." Ya maimaita kalmar yana taɓe baki. "Har da kala-kala. Saura ki zana fulawa a gefe."

Ya zaro biro daga aljihun gaba, ya bi layin da bakinsa har ya iso kan jan rubutun. Talata da Alhamis, takwas zuwa sha ɗaya. Nan ya tsaya.

"Wa ya ce ki sa zane?"

"Littafin sashe. An rubuta dole ne."

"An rubuta." Ya ja tsaki. "Wannan littafin ai don ƙauyawa irinku aka buga shi. Duk wanda ya san kan makarantar nan ba ya ɗaukar zane a aji ɗaya. Sai aji biyu, lokacin hannu ya faɗa."

"Amma Yaya, an ce sai ka ci shi sannan za ka ɗauki kwasa-kwasan..."

"Umma! Kina jin ta ko? Ko ƙofar ajin ba ta taka ba, ta fara koya mini karatu."

Kafin Auta ta kai hannu, ya ja wa jan rubutun layi biyu baƙaƙe, ɗaya a Talata ɗaya a Alhamis. Sai da biron ya huda kwalin.

Umma ta leƙo daga kicin tana goge hannu. "Ke Auta, ba na son ƙafafa. Yayanki aji biyar yake, bana zai gama. Ya ga jiya ya ga yau. In ya ce ki cire, ki cire."

"Ai na riga na sa a shafin rajista."

"Sai ki shiga ki cire," in ji Yaya Injiniya, yana mayar da bironsa aljihu. "Yanzu. Kada ki je ki kunyata ni a sashe, kowa ya san ni a wurin."

Auta ta dubi Abba da ke zaune a gefen teburin. Bai ɗago daga kan kofin shayinsa ba.

"To," ta ce.

Amma Auta irin yaran nan ce da ke cewa to da baki, zuciya tana can tana sha'aninta. Ta karanta littafin sashen nan sau biyu daga bango zuwa bango. Ta naɗe kwalinta da huda biyu a jiki, ta shige ɗaki ta yi shiri, ba ta cire komai ba.

*

Abba ne ya kai ta. Ya ajiye motar a ƙarƙashin wata bishiya gaban sashen, ya kwantar da kujera ya ce ta je, zai jira ta komai daɗewa.

A shagon buga takardu mutane kamar za su haɗiye mai shagon. Da ƙyar ta samu aka bugo mata nata, da ɗuminsa. Daidai lokacin wani ya ƙwala ihu cewa an fara sa hannu, sai kowa ya kwasa da gudu. Ta ninke fom ɗin biyu ta bi ayari. Me za ta duba a abin da ita ta cike da hannunta?

Layin ya taso daga ƙofar ofis, ya bi baranda, ya sauko matakala. A nan ta ji labarin malamar da za ta gani. Ɗalibai ba sa kiran sunanta, Dakta Jan Biro suke ce mata. Wai ba ta ɗaga murya, ba ta zagi, amma duk wanda ya shiga da guntun wayonsa sai ya fito yana share gumi. Masu fitowa kuwa sun tabbatar da zancen, kowa fom ɗinsa kamar an yanka kaza a kai.

Sai ƙarfe uku da minti ashirin layi ya zo kanta.

Ofishin ƙarami ne, fayil-fayil sun cinye rabinsa. Fanka tana juyawa da kuka. Dakta tana zaune bayan tebur, siririyar mace mai furfura a goshi, tabarau a bakin hanci. Ba ta amsa gaisuwar ba, hannu kawai ta miƙo.

Ta buɗe fom ɗin, ta bi shi da jan bironta daga sama zuwa ƙasa. Ta sake bi.

"Takwas."

"Tara ne, Dakta."

"Na fi shekara ashirin ina ƙirga kwasa-kwasai, 'yata. Takwas. Ina zane?"

Auta ta karɓi takardar. Lissafi yana nan. Fiziks yana nan. Ta bi layi-layi har ƙasa. Zanen injiniya babu shi babu dalilinsa.

"Wallahi na sa shi! Tun ranar Asabar na sa shi!"

"Kowa haka yake cewa."

"Dakta, na rantse..."

"Rantsuwa ba ta sa hannu a fom." Ta jawo kwamfutarta. "Lambarki."

Auta ta faɗa. Dakta ta danna, ta tsura wa allon ido. Sai fuskarta ta ɗan sauya.

"Kin sa shi ranar Asabar, gaskiyarki. Yau kuma ƙarfe tara da minti sha biyu kika cire shi."

"Tara da sha biyu ina cikin mota! Wayata ma tana cikin jaka!"

"To shafinki ne ya cire kansa." Ta zare tabarau ta ajiye. "Bari in yi miki bayani, tunda na ga ba ki san inda kika shigo ba. Tebur arba'in ne a ɗakin zane. Ku sababbi ku arba'in ne cif. Waɗanda suka faɗi a baya suke son maimaitawa ba sa samun tebur sai in wani sabo ya saki nasa. Ba kuwa wanda yake saki, don ko jariri ya san duk wanda bai ci zane ba, ba zai taɓa rabin kwasa-kwasan aji biyu ba. Sau ɗaya ake yin sa a shekara. Kin saki naki, kin saki shekara guda."

Auta ta matso kusa da teburin.

"To a mayar mini, Dakta. Don Allah."

"A mayar da me? Tara da sha biyu kika saki, tara da sha huɗu wani ya cafke."

"Wa?"

Dakta ta dubi allon. Ta dubi Auta. Ta sake duban allon, a wurin da ake rubuta sunan mahaifi.

"Wa ya duba miki jadawalinki a gida?"

"Yayana. A nan sashen yake, aji biyar."

"Aji biyar."

Ba ta yi dariya ba, amma gara dariyar da yadda ta ja kalmar. Ta nuna wata kujerar roba da ke bayan ƙofa, a lungun durowar fayil.

"Zauna can. Kada in ji tarinki. Na hana kowa sa wa mai maimaitawa hannu in ba ni ba, don haka wanda ya ɗauki teburinki dole ya zo nan kafin huɗu."

Mutum uku suka shiga suka fita. Auta tana zaune a lungu. Ranta yana raya mata wani abu, tana ture shi.

Uku da minti talatin da takwas aka ƙwanƙwasa, a hankali kamar mai tsoron ƙofar ta ji zafi.

Ƙamshin turaren ne ya fara shigowa.

Ƙofar ta buɗe ta rufe Auta a bayanta. Ta ratar da ke tsakani ta hango bayansa. Jakar kwamfutar nan da yake ratayawa kamar shi ya ƙera ta, yanzu ya rungume ta a ƙirji. Kafaɗun da ke cika falonsu sun zube. Ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Barka da yamma, Dakta. An yini lafiya, Dakta? Ya aiki, Dakta?"

Auta ba ta taɓa jin wannan muryar ba a rayuwarta. Siririya, a shaƙe, kamar ta ɗan akuya da ruwa ya yi wa duka.

"Kai ne kuma," in ji Dakta.

"Ni ne, Dakta. Allah ya taimake ni, Dakta, na samu tebur."

"Ma sha Allah. Karo na nawa ke nan?"

Ya ƙara rungume jakar a ƙirji.

"Da kai nake."

"Na... na huɗu, Dakta."

"Ɗaga murya, fankar nan tana da ƙara."

"Na huɗu."

"Sau uku kana faɗuwa kwas ɗin da ake koya wa yara riƙe fensir. Bara ko tebur ba ka samu ba. Kuma aji nawa kake a takarda?"

"Aji biyu, Dakta."

"Shekara biyar, aji biyu. In ba ka yi rajistar zane bana ba fa?"

"Za a sallame ni, Dakta."

Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ta tuna rigar da Umma ta riga ta kai ɗinki don ranar yaye ɗalibai. Ta tuna yadda ake hana kunna talabijin a gidan wai Injiniya yana rubuta aikinsa na kammalawa. Wane aiki? Me yake rubutawa a ɗakin nan duk tsawon lokacin?

Dakta ta karɓi fom ɗinsa tana jujjuya shi da yatsu biyu.

"Abin mamaki. Minti biyu da sakin tebur ka cafke. Ka san wanda ya saki?"

"Wallahi ban sani ba, Dakta. Sa'a ce kawai. Ina ta dubawa ne sai na ga gurbi." Ya ɗan yi dariyar neman shiga. "Kin san sababbin nan, Dakta. Wata sakarya ce ƙila, wadda ba ta san ciwon kanta ba."

"Ka ce wata. Ya aka yi ka san mace ce?"

Dariyar ta maƙale masa a wuya.

"Juya," in ji Dakta, "ka gaishe da sakaryar."

Auta ta sa ƙafa ta turo ƙofar ta rufe.

Ya juya.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata. Jakar ta suɓuce ta faɗi, kuma ƙarar da ta yi ba ta abu mai nauyi ba ce. Zif ɗin ya buɗe. Caja ce a ciki, da kwalbar turare, da wani littafi guda da ya sha naɗi.

"Auta... me kike yi a nan?"

"Rajista na zo, Yaya." Muryarta ta fito sumul, har ita kanta ta yi mamaki. "Ka ce kowa ya san ka a sashe. Ashe da gaske ne."

"Ke, ki iya bakinki."

"Aji biyu ake ɗaukar zane, lokacin hannu ya faɗa. To kai naka hannun yaushe zai faɗa?"

"Ni kike gaya wa magana?" Ya yunƙuro da tsohuwar muryarsa ta gida, amma ta ƙi fitowa daidai. "Ni sa'anki ne?"

"A zane dai ajinmu ɗaya."

Dakta ta ɗan sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba.

Auta ta miƙe tsaye. Da ta ɗauka kuka za ta yi, amma hawayen bai zo ba. Wani abu ne daban ya zo, mai sanyi. Tana kallon mutumin da tun tana firamare ake ce mata ta yi koyi da shi, wanda take wanke wa kofi, wanda ake ajiye wa tsokar da ta fi kowacce, sai ta ga ashe ko tsawon kirki ba shi da shi. Raini ne tsantsa ya cika mata ciki, kuma ba ta ji kunyar jin sa ba.

"Da ka roƙe ni fa, Yaya? Da ka zo ɗakina ka ce Auta ga halin da nake ciki?"

"Da kin ba ni?"

"Ban sani ba. Amma da ban san kai ɓarawo ba ne."

Ya yi wuri-wuri, ya zaro wayarsa ya danna wani abu da sauri a gefen cinyarsa, ya mayar aljihu. Sannan ya juya ga tebur, ya haɗe hannuwa.

"Dakta, wannan maganar gida ce. Za mu sasanta a gida."

"Gidanku ba ya rufewa ƙarfe huɗu. Shafina yana rufewa." Ta buɗe durowa ta zaro takardu biyu, ta jera su a gaban Auta. "Saurara da kyau, ba na maimaita magana. A wurin kwamfuta, ke kika cire kwas ɗinki da hannunki, shi kuma ya ɗauka bisa ƙa'ida. Ba ni da ikon ƙwace masa haka kawai. Wannan ta hagu, takardar amincewa ce cewa kin ɗage zane zuwa baɗi. Kika sa hannu, na sa wa fom ɗinki hannu da kwas takwas, ki gama bayan 'yan ajinki da shekara guda."

"Ta dama fa?"

"Ƙorafi ne, cewa wani ya shiga shafinki ba da izininki ba. Kika sa hannu, yanzu na mayar miki da teburinki. Shi kuma ya tafi gaban kwamitin ladabtarwa. Ba sai na gaya miki abin da suke yi wa mai irin wannan laifin ba."

Ta ɗora jan bironta a tsakanin takardun biyu.

Agogon bango ya nuna huɗu saura minti sha biyu.

Yaya Injiniya ya matso. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, turaren ya gauraye da shi ya zama wani abu daban.

"Auta. Ƙanwata. Dube ni. Shekara ɗaya ce fa. Shekararki nawa duka-duka? Ke yarinya ce, ba inda za ki. Ni in aka kore ni ina zan sa kaina? Ki tuna Umma. Hawan jininta."

"Ka tuna da ita da kake ɗaukar jakar caja kana fita kullum?"

"Kuma ke mace ce. Ko kin gama, wa zai ba ki turken wuta ki hau? Ƙarshenta takardar a durowa za ta ƙare."

Ko a cikin roƙo ma bai iya ɓoye halinsa ba.

Auta ta ɗauki biron.

"Tsaya," in ji Dakta. "Akwai layin da za ki cike tukuna. Ba a shiga shafin ɗalibi sai da lambar sirri. Ke kika ba shi?"

"Ban ba shi ba."

"Kin rubuta a wani wuri? Bayan littafi, cikin waya?"

"A'a."

"To wa ya san ta bayan ke?"

"Ba kowa. Ni kaɗai ce, sai..."

Ta tsaya.

Ranar da aka buɗe mata shafin, su biyu ne a gaban kwamfuta. Ta rasa lambar da za ta sa, sai wanda ke zaune kusa da ita ya ce ta sa lambar tsohon katinsa na wurin aiki, ba za su taɓa mantawa ba.

Ba a ƙwanƙwasa ba. Ƙofar ta buɗe kawai.

Abba ne, yana haki, makullin mota a hannu, wayarsa a ɗayan hannun da saƙo a buɗe. Ya dubi ɗansa da ke tsaye tsamo-tsamo. Ya dubi jakar da ke yashe a ƙasa. Ya dubi takardun biyu. Auta ta zuba wa fuskarsa ido tana jiran ta ga mamaki, ko ruɗewa, ko ya tambayi me ke faruwa.

Bai tambaya ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Dakta, yana ɗan rusunawa. Sannan ya juyo. "Ajiye biron nan, Auta."

"Abba, ka san abin da Yaya ya..."

"Na sani. Ni na ba shi lambar."

Fankar ta ci gaba da kukanta. Ko Dakta sai da ta mayar da tabaraunta ta dube shi da kyau.

"Tun yaushe?" Auta ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Tun bara na san halin da yake ciki. Ummanku ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba." Ya share goshi da bayan hannu. "Na gaya wa duk wanda na sani ɗana injiniya ne. Mutanen da na yi wa aiki shekara talatin, na tsaya a gabansu na gaya musu. Kina so in koma in ce me?"

"Ka ce 'yarka ce."

Abba ya kawar da kai.

"Shi ya sa ka kawo ni da kanka? Shi ya sa ka ce za ka jira ni komai daɗewa? Ina zaune a gefenka a mota, tara da sha biyu, kana tambayata ko na karya da kyau?"

"Ke kina da lokaci. Shi ba shi da shi."

"Abba, tambaya ɗaya. Da ni ce na faɗi sau uku, za ka cire Yaya ka sa ni?"

Abba ya mayar da idonsa kan makullin motar da ke hannunsa.

Yaya Injiniya, da ya ga an zo masa da gayya, har ya fara miƙe kafaɗa. Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa ya kaɗe ta, ya rataya.

"Minti huɗu," in ji Dakta. "Ni biyar nake tashi, amma kwamfuta ba ta san uban kowa ba."

Abba ya matso daf da Auta, ya rage murya yadda yake yi in magana ta ƙare.

"Ki sa hannu a ta hagu mu tafi gida. In kuwa kika taɓa ɗayar, kada ki biyo ni mota. Kada ki biyo ni gida."

Auta ta dube shi. Ta dubi yayanta, wanda har ya samu bakin yi mata murmushi.

Ta sa yatsa ɗaya ta ture takardar hagu gefe, ta jawo ta dama gabanta.

"Dakta," ta ce, "a wane layi ake rubuta sunan wanda ya ba da lambar?"